Da Aka Hana Inna Gishiri

Mahaifiyata mai tuwo ce. Rumfarta tana kan hanyar da ke gangarawa tashar jiragen ruwa a Garwa, a gindin wata darbejiya, kuma tun da na yi wayo a nan na gan ta. A shekarun nan, zamanin shugaban ƙasa na farko wanda ɗan garinmu ne, kogin Binuwai yana da rai. In damina ta yi nisa ruwa ya cika, sai jirage su hauro daga kudu da siminti da mai da buhunan gishiri, su koma da auduga da gyaɗa. 'Yan dako su ne masu cin tuwon Inna, su da direbobin da ke kawo auduga daga Pitowa. Mu Hausawa ne, kakanninmu fatake ne da suka zo daga Kano suka zauna, amma a rumfar an fi yin Fillanci. Hausa sai in ciniki ya yi zafi, Faransanci kuma sai in wani ɗan kwastan ya zo yana so a san shi ma'aikaci ne. Kowa Dada yake ce mata, wato uwa da Fillanci, har waɗanda suka girme ta.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in kuma ranta ya yi daɗi ta ce "yarinyar nan". Na yi lekol, wato makarantar boko, har na shiga kolej, jarrabawa ta kayar da ni, na dawo rumfa ina taya ta aiki. Lokacin ban kai shekara ashirin ba.

Zafin Garwa ba ya bukatar bayani ga wanda ya zauna a cikinsa. 'Yan dako sukan zo cin abinci rigunansu sun bushe a jikinsu, bayan kowace riga da farin zane inda gumi ya kwanta. Mutumin da ya yini haka, in aka ba shi miya mai sanyin gishiri, sai ya ɗauka raini ne. Inna ta san wannan, hannunta kuma dama nauyi gare shi. Miyar yakuwa da kifi, miyar kuka, miyar gyaɗa, kowace tukunya sai ta sha gishiri da kanwa da daddawa, ga busasshen kifin da tun a wajen shanya aka barbaɗe shi da gishiri. Da ɗan dunƙulen nan na kanti ya shigo gari, ba ta rage komai ba, ɗora shi ta yi a kai. Ba ta kuma yarda da awo ba, da harshe take girki. Ta ɗebo da ludayi, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta ɗan lumshe ido, ta ƙara. Tun hantsi har la'asar haka take zagaya tukwanenta.

Ko ba a bakin murhu ba, bakinta ba ya rabuwa da abu mai gishiri. Ɗanyen mangwaro ta dangwala a gishiri da barkono. In tana tuƙa tuwo, akwai ɗan guntun busasshen kifi a kumatunta. In cikinta ya ɗan murɗa, ta jiƙa kanwa ta sha. Ta taso ta ji ana cewa gishiri ƙarfin jiki ne, mu ma haka muka taso muka ji. Mahaifiyarta ta faɗi a tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ƙara tashi ba, aka ce iska ce ta buge ta. Ba wanda ya kawo wani abu daban a ransa.

Da ciwon kai abin ya fara. Ta ce kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙeya, musamman da safe. Sai ta tamke kanta da ɗankwali, ta ja shi har ya yi mata shaida a goshi, ta fita aiki. Daga baya jiri ya shigo. Takan sunkuya hura wuta, in ta ɗago sai ta dafa ginshiƙin rumfa ta tsaya shiru. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ta daina shiga. Na taɓa danna mata yatsa a ƙauri, wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Baba, wanda atamfa yake sayarwa yana bin kasuwannin ƙauye, ya kira wanzami aka yi mata ƙaho a ƙeya. An yi rubutu an sha. Gwaggo, yayar Baba, ta ce dattin ciki ne, ta haɗo mata jiƙo mai kanwa da yawa, Inna ta yi ta sha safe da yamma.

Akwai wata mata da ke sayar da dawa da gyaɗa a rumfar da ke kallon tamu. Ba Bahaushiya ba ce, ba kuma musulma ba. Kirista ce daga duwatsun wajen Mayo-Ulo, Hausarta ta kasuwa ce, tana mayar da namiji mace, mace namiji. Mu yara Mama muke ce mata. Ita da Inna kuwa "sobajo" suke kiran juna, wato ƙawa da Fillanci. A wurinta Inna ke sayen dawa shekara da shekaru, kuma ban taɓa ganin sun auna mudu a tsakaninsu ba tare da gardama da dariya ba.

Wata rana Baba ya yi tafiya, Inna na cikin kwashe tuwo sai haɓo ya ɓalle mata. Ta ɗaga kai sama, muka jiƙa tsumma muka ɗora mata a goshi, jini ya ƙi tsayawa. Gaban rigarta duk ya ɓaci. Mama mai dawa ta ƙetaro hanya, ta duba ta, ta ce, "Sobajo, tashi. Yau lopital za ka je, ko ka so ko ba ka so."

"Tuwon fa?" in ji Inna, hancinta a toshe.

"Tuwo ba ta gudu."

A babban asibiti likitan da ya gan mu ɗan kudu ne, ba ya jin Hausa ba ya jin Fillanci, sai aka ce ni in tsaya tafinta. Bayan an tsayar da jinin, ya ɗaura mata wani ƙyalle a dantse, ya yi ta matsa wata 'yar roba har ƙyallen ya kumbura. Ya duba agogon da ke jiki, ya kwance, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Sannan ya tambaye ni abin da take ci. Ina lissafa masa yana girgiza kai. Da na zo kan jiƙon kanwa sai ya ajiye alƙalaminsa.

"Me ya ce?" Inna ta tambaye ni.

"Ya ce tansiyo ce, Inna. Jininki ya hau."

"Ya hau ina?"

Na mayar masa da tambayar, ya yi murmushi kaɗan, ya yi mini bayani a hankali don in iya juyawa. Ya ce gishiri yana riƙe ruwa a jiki. In ya yi yawa, jijiyoyi su cika su ɗaure, zuciya ta riƙa tura jini da wahala dare da rana. In aka ci gaba a haka, ko dai zuciyar ta gaji, ko ƙoda ta lalace, ko wata jijiya ta fashe a cikin kai. Ya ce zai ba ta ƙwayoyi, amma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. Ta bar gishiri, ta bar kanwa, ta bar busasshen kifi mai gishiri da dunƙulen kanti. Kuma ta riƙa dawowa ana aunawa.

Na faɗa mata duka. Ta daɗe tana kallon hannayenta a cinya.

"Tambaye shi, ya san sana'ata kuwa?"

Na tambaye shi. Ya ce ta dafa wa mutane in ya zama dole, amma kada ta kai bakinta.

"Ce masa na gode," ta ce, ta gyara mayafinta.

A gida aka ware mata 'yar tukunya. Ni nake dafawa, miya lami, ba gishiri ba kanwa. Ranar farko ta kai loma ɗaya, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar kamar mai shan maɗaci, ta ture kwanon. "Wannan ai ruwan wanke tukunya ne," ta ce. Na gwada duk dabarar da na sani. Na ƙara albasa da tafarnuwa, na daka citta, na matsa lemun tsami, na sa tsamiya. Takan ci kaɗan don kada in ji ba daɗi.

Abin da ya taimaka shi ne Mama mai dawa. Da ta ga Inna tana zama ita kaɗai a bayan rumfa da ɗan kwanonta alhali kowa na sharɓar miya mai daɗi, sai ta fara ƙetarowa kullum da azahar ta wanke hannu ta zauna. Ta ce su a kan dutse, lokacin tana yarinya, gishiri sai ranar biki ake ganinsa, kuma ba su mutu ba. "Ni na san wannan miya tun ina ƙarami," ta ce. "Zuba mini." Kwano ɗaya suke ci. Inna tana yatsine fuska, ita tana lashe yatsu da gangan tana cewa yau yarinya ta iya girki. Ban sani ba ko da gaske daɗin take ji. Na dai san ta yi watanni tana cin lami ba don wani ciwo nata ba.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ba zan manta ba. Kafin damina ta fita kumburin ya saɓe, silifa ta koma shiga. Ta daina tamke kai. Da muka koma asibiti likita ya auna, ya ɗaga mata babban yatsa. A hanyar dawowa har ta tsaya ta sayi sabon ɗankwali.

Matsalar a rumfa take. Tunda an hana ta ɗanɗana, ni na zama harshenta. Ta zuba, ni in lasa, ta tsare ni da ido.

"Ya ji?"

"Ya ji, Inna."

"Kin tabbata?"

Ni kuwa tun da na fara dafa lami, bakina ya saba, abin da na ji ya isa bai isa ba ga masu ɗaukar buhu. Suka fara neman gishiri a gefe. Wasu suka koma wajen wata mai shinkafa a can gaba. Wata rana wani direban auduga, babban mutum mai fara'a wanda ya daɗe yana cin tuwonmu, ya ɗaga murya cikin wasa ya ce, "Dada, yaya haka? Hannun naki ne ya mutu, ko gishirin ne ya yi tsada?"

Aka yi dariya. Bai san komai ba, da ya sani da bai faɗa ba. Inna ma ta yi dariya, ta miƙa masa ƙoƙon gishiri. Amma da ya tafi na ga ta zauna a kan turmi ta juya wa hanya baya. Shekara fiye da ashirin ana yabon hannunta a bakin ruwan nan. Ba ta yi karatu ba, ba ta tara dukiya ba, abin da aka san ta da shi ke nan.

Washegari na ga ta ɗiga miya a tafin hannu.

"Inna!"

"Lasawa kawai zan yi in tofar. Tofarwa ma an hana?"

Da farko tana tofarwa, har da kurkure baki. Bayan wani lokaci na lura ta daina kurkurewa. Daga nan tofarwar ma ta zama sai in ina kallo. Masu cin tuwo suka dawo, aka ce Dada ta dawo daidai.

A gida kuma ga Gwaggo. Inna ta ɗan faɗa saboda kumburin ya tafi kuma ba ta cin abinci sosai, sai Gwaggo ta ɗauki wannan a matsayin ciwon kansa. Duk zuwan da za ta yi sai ta ce wa Baba, "Kana kallo za a kashe maka mata da yunwa. Ina aka taɓa raba ɗan Adam da gishiri? Wannan dokar Nasara ce, su da ba sa gumi." Ba mugunta ba ce, tana son Inna ƙwarai. In an je biki ko suna, mata su yi ta tambaya, "Lafiya kika rame haka?" Ga kunyar a kawo miki abinci a gidan mutane ki ce ba za ki ci ba. Baba mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya. In na yi magana ya ce ina da gaskiya, in Gwaggo ta yi magana ya ce ita ma tana da gaskiya, da asuba ya ɗaure kayansa ya tafi kasuwa.

Da ƙwayoyin suka ƙare Inna ta ce ba za ta koma ba, ta warke. Lallai a ido ta warke. Ba inda ke mata ciwo. Da azumi ya zo ta ce ba za ta yini da yunwa ta buɗe baki da lami ba, a sa mata ɗan kaɗan. Bayan salla ɗan kaɗan ɗin ya zauna. A hankali 'yar tukunyar ta koma bayan ɗaki aka kife ta. Mama mai dawa ta yi faɗa har ta gaji. Ta yi kwana biyu ba ta ƙetaro hanya ba, daga baya ta dawo, don ba ta iya fushi mai tsawo.

Sau ɗaya muka yi cacar baki da Inna a kan wannan, kuma shi ne karo ɗaya a rayuwata da na ɗaga mata murya. Na same ta da hantsi a bayan rumfa tana cin kan busasshen kifi. Na ce likita ya faɗa, da kunnena na ji, da bakina na faɗa mata, so take ta mutu ta bar mu?

Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Ta ajiye kifin, ta goge hannu a zane.

"Ke, zauna," ta ce. Na zauna. "Kin taɓa yin wata da watanni kina cin abinci ba ki ji kin ci ba? Ki tashi da safe ki san yau ma ba abin da zai yi miki daɗi a baki? Ina tsaye a kan wuta tun asuba, ƙamshi yana shiga hancina, kowa ya ci ya yi hamdala, ni in koma gefe kamar wadda aka yi wa horo. Na yi iya yina. Kwana kuma na Allah ne."

Na ce, "Na Allah ne, Inna, amma shi ya ce a nemi magani."

Ta ce, "To, na ji." Ta tashi ta koma wajen tukwane.

Fiye da shekara aka yi lafiya lau, har ni kaina na fara tunanin ko likitan ya tsorata mu ne kawai. Ciwon kan yakan dawo jefi-jefi, ta ce rana ce. Ƙafa takan ɗan tasa, ta ce tsayuwa ce.

Da bazara abin ya faru, a irin ranakun da ko tsuntsu ba ya motsi. Tana zuba wa wani miya sai ludayin ya suɓuce daga hannunta ya faɗa tukunya. Ta kalli hannun kamar ba nata ba. Ta juyo za ta yi mini magana, na ga bakinta ya karkace, abin da ya fito ba magana ba ce. Ta tafi a hankali ta gefen dama, na tare ta, muka zube tare. Na ƙwalla ihu. Mama mai dawa ce ta fara isowa. Direban nan na auduga yana wurin, hannunsa a cikin tuwo. Ko wanke hannun bai yi ba, shi da 'yan dako suka ɗauke ta suka shimfiɗa a kujerar gaban motarsa. Duk hanya yana tuƙi yana salati, hawaye na bin gemunsa.

Ta rayu. Amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannu da ƙafa, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage mata, "to". Da ita take amsa gaisuwa, da ita take ƙin abu, da ita take kiranmu. Likitan bai yi mana faɗa ba. Ya duba ta, ya dube ni, ya ce jijiyar ce ta fashe, abin da ya lalace ya lalace, sai dai a tsare saura. Da aka sallame mu autarmu, wadda lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba, ta ga fuskar Inna ta ruga ta ɓuya a bayan randa. Sai da aka yi kwanaki kafin ta yarda ta matso.

Na riƙe rumfar na ɗan lokaci, daga baya na bar wa wata 'yar'uwarmu, don jinya ba ta haɗuwa da tuwon sayarwa. Ni nake yi mata wanka, in juya ta, in ɗaga ta. Da safe mukan shimfiɗa mata tabarma a ƙofar madafi mu jingina ta da bango, don nan take so. Tana bin hannuna da ido ina girki. In na yi abin da bai yi mata ba, ta buga hannun hagu a tabarma ta ce "to, to", sai na gane ko wuta ce ta yi yawa ko kuka ce na kaɗa da wuri. Yanzu kam lami take ci, ba ta da hannun da za ta kai ga wani abu. Gwaggo ba ta ƙara cewa komai a kan gishiri ba. Takan zo ta zauna tana matsa mata ƙafar da ta mutu, ta yi ta matsawa har la'asar. Baba ya rage tafiye-tafiye. Da yamma ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin kasuwa, wa ya zo, wa ya rasu, wace atamfa ake yayi. Ban taɓa jin ya yi mata doguwar hira haka ba lokacin da take iya amsawa.

Mama mai dawa tana zuwa duk Lahadi in ta taso daga coci, da kayanta na ado. Ta zauna ta riƙe hannun da ya shanye ta yi ta zuba, ta kawo tsegumin bakin ruwa kaf. Ita kaɗai ke sa Inna dariya, dariyar rabin fuska, miyau na zuba ina gogewa.

A shekara ta biyu kumburi ya dawo, wannan karon har fuska da ciki. Fitsari ya ragu. Numfashi ya zama aiki, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Muka koma asibiti, likita ya ce ƙodar ce ta gaji, zuciyar ma haka. Ya ja Baba gefe, ya kira ni in fassara. Ya ce mu kai ta gida, kuma duk abin da ranta ke so a ba ta. Na tsaya ban juya maganar ba, sai Baba ya ce, "Ba sai kin faɗa ba. Na gane."

Bayan kwana biyu da dawowarmu Baba ya shigo da rana da ɗanyen kifi, giwan ruwa, da yakuwa sabuwar tsinka. Ya miƙo mini ya ce, "Ki yi mata irin tata. Ki sa komai."

Na yi. Na sa gishiri, na sa daddawa da 'yar kanwa, na ɗiga a tafin hannu na lasa, na ƙara, har sai da na ji ta yi kama da wadda na taso ina sha. Ƙamshi ya cika gida. Na tuƙa tuwo mai laushi, na kawo, na zauna a gabanta. Baba na gefe, Gwaggo na bakin ƙofa.

"Inna, ga miyarki. Da gishiri. Likita ya yarda."

Ta kalli kwanon, ta kalle ni. Ina jin ta gane abin da yardar likitan ke nufi, don hankalinta bai taɓa gushewa ba. Na ɗebo kaɗan a cokali na kai bakinta. Ta karɓa, ta riƙe a baki, ta daɗe. Muna jira. Sannan ta kawar da kai, miyar ta gangaro ta gefen bakin da ya karkace. Na sake gwadawa, ta ɗaga hannun hagu ta ture cokalin a hankali. Ruwa ta nuna. Na ba ta ta kurɓa kaɗan, ta jingina kai da bango ta rufe ido. Baba ya tashi ya fita zaure. Miyar nan ba wanda ya iya cin ta a gidan, almuru na yi na miƙa wa maƙwabta.

Ta rasu bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ana yayyafi. Ina riƙe da ita, Gwaggo tana yi mata kalmar shahada a kunne. Ba ta kai shekara hamsin ba. 'Yan dako sun bar aiki sun zo jana'iza da yawa, har layin ya kai bakin titi. Mama mai dawa ta zauna cikin mata kwana uku, ta yafa mayafi kamar kowa. Ba a daɗe ba ta tattara kayanta ta koma dutse wajen 'ya'yanta. Ta ce ba ta iya zama tana kallon rumfar da wata a ciki.

Ni ma da na haura arba'in aka ɗaura mini ƙyallen nan a dantse aka ce jinina ya hau. Ƙanena mai bi mini ma haka. Ina shan ƙwayoyina, ina zuwa awo, miyata kuma 'ya'yana sun yi ƙorafi har sun haƙura. Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Akwai ranakun da nake wucewa ta wajen mai tsire in ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka, a nan nake gane abin da ta faɗa mini a bayan rumfa. Amma na ga ƙarshen ɗaya hanyar da idona, na ɗauke ta, na yi mata wanka.

Shekarun baya autarmu ta zo mini kwana biyu da 'yarta. Muna zaune da yamma tana yi wa yarinyar tsifa, sai ta ce, "Yaya, wai muryar Inna yaya take?"

Na ce, "Ba ki tuna ba?"

Ta ce, "Ina tuna ta a kan tabarma, hannunta a cinya. Ban tuna ta a tsaye ba."

Na yi ƙoƙari in kwatanta mata. Na ce murya ce mai kauri, mai ɗan kaushi saboda hayaƙi, in ta kira mai ruwa daga rumfa har bakin kogi ana ji. Na ce tana da saurin magana, kuma in za ta yi dariya sai ta fara tafa hannu. Ina faɗa ina jin ba haka ba ne, ba ta fito ba. Ta saurare ni har na gama, ta gyaɗa kai, ta ce wa yarinyar ta sunkuyo, ta ci gaba da tsifarta.